Laima, inuwa ko rumfa: yadda ake amfani da «umbrella term» na Ingilishi, da misalai daga Kelle

0. Gabatarwa

A cikin takardun da ɗalibanmu suke karantawa yanzu, na kiwon lafiya ne ko na kiwon dabbobi ko na ilimin harshe, akwai wani furuci na Ingilishi da yake yawan dawowa, wato «umbrella term». Mafi yawansu sukan mai da shi Faransanci da «terme générique», daga nan su mai da shi Hausa da «kalma gama-gari», su wuce. A cikin wannan ƴar maƙala muna so mu nuna cewa wannan fassara tana zubar da wani abu a hanya, kuma abin da take zubarwa shi ne dalilin da ya sa marubucin ya zaɓi furucin tun farko. Batun ya daina zama na malaman Ingilishi kaɗai tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin «Charte de la refondation» ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Takardun da za a riƙa juyawa daga Ingilishi zuwa Hausa kai tsaye za su ƙaru, kuma kalmomin da ke tattara abubuwa su ne suka fi wuyar juyawa.

Za mu ɗauko misalanmu daga Kelle, cikin duwatsun Kutus, arewa da Gure, a jihar Damagaram. Wuri ne da noman damina yake kusan ƙarewa kiwo ya karɓi fili, kuma a kasuwarsa ana jin Barbarci da Hausa da Fulatanci da harsunan Buzaye da Tubawa. Mutanen garin su kansu, kamar yadda za mu gani, suna zaune ƙarƙashin wani suna da ya tattara su da wasu. A duk cikin maƙalar za mu ce Ingilishi, ba za mu ce Turanci ba, domin a Kano Turanci Ingilishi ne, a wurinmu kuwa sau da yawa Faransanci ake nufi.

1. Furucin a cikin Ingilishi

Kalmar «umbrella» ita ce laima. Ingilishi ya aro ta daga Italiyanci a ƙarni na 17, tushenta kuma kalmar Latin «umbra», wato inuwa. Abin kare rana ne ke nan tun asali, kafin ruwan Ingila ya mai da ita abin kare ruwa. Faransanci ya raba biyu, «parapluie» na ruwa, «ombrelle» na rana. Ma'anar abin da ya rufe abubuwa da yawa a lokaci guda ta yaɗu ne a ƙarni na 20. Ga yadda aka fi samun furucin:

(1) Neglected tropical diseases is an umbrella term for about twenty conditions.

(2) Manga and Dagera are usually placed under the umbrella term Kanuri.

(3) The union is an umbrella organisation.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi yana cikin nahawun (1). Sunan da ya buɗe jimlar jam'i ne, amma aikatau «is» na tilo ne. Wannan ba kuskure ba ne. Mai maganar ba cututtukan yake magana a kai ba, sunan da aka ba su yake magana a kai, kuma suna guda ne. Duk inda aka ce «umbrella term», harshe ne yake waiwayar kansa: marubuci ya tsaya ya gaya wa mai karatu yadda zai ɗauki wata kalma kafin a ci gaba. Shi ya sa aka fi samun furucin a sakin layi na farko na rahoto ko na babi, kuma kusan kullum jerin sunaye yana biye da shi, bayan «for» ko «covering». A (2) kuwa, aikatau «placed» yana nuna akwai wanda ya yi ajiyar, ko da ba a ambace shi ba. Misali na (3) ya fita daga kalmomi ya koma ƙungiyoyi, kuma shi ba ya ba mu wahala: Faransancinmu yana cewa «organisation faîtière», da hoton ƙololuwar ɗaki, Hausa kuma ta daɗe tana cewa uwar ƙungiya ko haɗin gwiwar ƙungiyoyi, kamar yadda ake kiran USTN uwar ƙungiyar ƙwadago.

Furucin yana da maƙwabta. «Cover term» na masana harshe ne, ba ya ɗauke da yabo ko zargi. «Blanket term» da «catch-all term» kuwa zargi ne: an lulluɓe abubuwan da bai kamata a lulluɓe ba. «Umbrella term» yana tsakani. Mai faɗarsa ya yarda da tattarawar, amma yana gargaɗin cewa abubuwan da aka tattara ba iri ɗaya ba ne. Faransanci ba shi da furuci guda da ya yi daidai da wannan matsayi. «Terme générique» ya share gargaɗin, «terme fourre-tout» ya mai da gargaɗin zagi, «terme parapluie» kuma aro ne da har yanzu yake da ƙamshin baƙunta. Muna roƙon ɗalibai su bar «mot-valise» inda yake: sunan kalmar da aka ƙera daga guntayen kalmomi biyu ne, irin «franglais», ko da yake ƴan jarida suna yawan amfani da shi a wannan gurbi.

2. Abin da ya raba shi da uwar kalma

Waɗanda suka yi karatun ilimin ma'ana da Faransanci sun san teburin Bernard Pottier na farkon shekarun 1960, inda ya jera «chaise», «fauteuil», «tabouret», «canapé» da «pouf», ya nuna cewa duka suna tarayya a kan ƴan siffofi kaɗan, kuma waɗannan siffofi su ne ma'anar «siège». John Lyons, a littafinsa na 1963, ya ba wannan dangantaka sunan da aka san ta da shi yau. Kalmar da ke sama, «hyperonyme» a Faransanci, za mu kira ta uwar kalma, na ƙasa kuma ɗiyanta. Dabba uwa ce ga akuya da tunkiya da raƙumi. Duk siffar da ke cikin ma'anar dabba tana cikin ma'anar akuya, sai ƙari.

A ido, «umbrella term» uwar kalma ce. Sai mu gwada ta da misali na (1). Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. A ciki akwai kuturta da amodari, waɗanda ƙwayar bakteriya ke kawowa. Akwai tsargiya da kurkunu, aikin tsutsa. Akwai haukan kare, aikin birus. A 2017 aka shigar da ƙazwa, da kuma saran maciji, wanda ba ƙwayar cuta ba ne ma, dafi ne. A watan Disamba na 2023 aka shigar da cutar nan da ke cinye naman baki da fuskar ƙananan yara masu tamowa, wadda likitoci ke kira noma, jerin ya kai 21. (Sunan ba shi da alaƙa da noman gona, daga Girkanci ya zo, kuma ma'anarsa a can ta fi kusa da kiwo.) In muka yi wa wannan jeri teburin Pottier, ba za mu samu siffa guda ta jikin cututtukan da ta ratsa su duka ta kuma keɓe su daga sauran cututtuka ba. Abin da ya haɗa su yana wajensu: talakawan karkara suke kamawa, kuma masu kuɗin bincike da magani ba su kula da su ba.

Abin da aka bari a waje ya fi nuna haka. Zazzaɓin cizon sauro cutar ƙasashe masu zafi ce, kuma babu uwa a Kelle da za ta sa kurkunu a gabansa wajen tsoro, balle ma tun 2013 aka tabbatar Nijar ta rabu da kurkunu. Amma zazzaɓin ba ya cikin jerin, domin yana cikin cututtuka uku da aka kafa wa babban asusu na duniya a 2002, tare da sida da tarin fuka. Ba a yi masa sakaci ba ke nan, a ma'aunin waɗanda suka yi jerin.

Daga nan muna iya fitar da gwaji biyu. Na farko shi ne gwajin baƙon abu. In aka kai wa makiyayin Kutus hoton wata halitta mai ƙafa huɗu ta Kudancin Amurka wadda bai taɓa gani ba, zai ce dabba ce, ba sai ya tambayi kowa ba. Sanin harshensa ya ishe shi. Amma ko likitan da ya shekara 20 yana jinyar yara masu noma a Damagaram, inda ƙungiyar Sentinelles ta buɗe cibiya tun shekarun 1990, bai isa ya ce cutar tana cikin jerin ba sai da aka zauna a Janeba aka yanke. Iyakar uwar kalma tana cikin kan masu harshe. Iyakar «umbrella term» tana cikin takarda, da kwanan wata, kuma ana kai ruwa rana a kanta, tun da shiga jerin yana jawo kuɗi da magani.

Gwaji na biyu na maimaitawa ne. Uwar kalma tana iya dawo da ɗiyarta a jimla ta gaba ba tare da an ji wani abu ba:

(4) Na sayi akuya a kasuwar Kelle, amma dabbar ba ta cin ciyawa.

(5) ? Maciji ya sari Malam a gona, amma cutar da aka yi wa sakaci ba ta kashe shi ba.

Jimla ta (5) ba ta karya dokar nahawu ba, sai dai babu Bahaushen da zai faɗe ta, kuma wanda ya ji ta zai zaci wata cuta ce dabam da saran. Kalma irin wannan ba a yi ta don nuna abu guda ba. An yi ta don a yi maganar taron daga nesa, a ofis ko a rahoto.

Ba mu ce bangon da ke tsakanin nau'o'in biyu ba ya da ƙofa ba. Marubutan Ingilishi da yawa suna kiran kowace uwar kalma «umbrella term» don kawai ya fi sauƙin faɗa. Amma marubucin da ya san abin da yake yi yana ajiye furucin don inda tattarawar take da mai ita.

3. Yadda Hausa take tattarawa

Kuskure ne a zaci Hausa ba ta san irin wannan tattarawa ba sai da takardun ƙungiyoyin agaji suka zo. Babban makaminta shi ne kalmar kaya tare da mahaɗi:

(6) kayan miya, kayan ɗaki, kayan shayi, kayan aiki, kayan sallah

Mu duba kayan miya. Albasa da tumatir daga lambu suke, kuka garin ganyen itace ce, daddawa ɗiyan itace ne da aka dafa aka rufe suka ruɓa, gishiri kuwa daga ƙasa ake samo shi, kamar wanda ƙasar Manga ta yi suna da shi. Tukunya ce kaɗai ta haɗa su. Kayan shayi, wanda babu tafiyar Buzu ko Batube da ba ya cikinta, ya haɗa buta da ƙananan kofuna da sukari da ganyen da gawayi, wato abin sha da mazubinsa da makamashinsa. Anna Wierzbicka ta nuna a wata maƙala ta 1984 cewa kalmomi irin wannan ba su tsaya kan «wani iri ne na» ba, sun tsaya kan amfani guda ko wuri guda. Nahawun Hausa ya goyi bayanta: ana cewa dabbobi uku, amma ba a cewa kayan miya uku sai an sa «iri» a tsakani. Kuma jerin yana sauyawa da zamani ba tare da sunan ya motsa ba. Kayan ɗakin amaryar da aka kai da ƙorai da tasoshi da na wadda aka kai da katifa da firiji duka kayan ɗaki ne.

Bambancin kaya da «umbrella term» shi ne, a (6) dalilin tattarawar yana rubuce a jikin sunan, kuma al'ada ce take tsare iyakar, ba wani ofis ba.

Hanya ta biyu ita ce a ambaci ɗaya daga cikin taron a bar shi ya wakilci sauran, da «su» a gaba ko «da sauransu», «da dangoginsu» a baya: su gero, su barkono. Hanya ta uku ita ce a jera biyu a tsaya: noma da kiwo, ci da sha, tumaki da awaki. Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci a Kelle. Faransancin likitocin dabbobi yana da «petits ruminants», kuma akwai wata annoba da ake yi wa rigakafi da wannan suna. Masu fassara sukan ce ƙananan dabbobi ko ƙananan bisashe. Wanda ya saba da rediyo ya gane. Wanda bai saba ba yana da haƙƙin ya fahimci dabbobin da ba su girma ba, ya kawo ɗan maraƙi ya bar tsohuwar akuya a gida. Tumaki da awaki ya fi tsawo da ƴan gaɓoɓi, amma ba ya ɓatar da kowa.

Kalmar da ta fi ba mu sha'awa ita ce hatsi. A Kano, hatsi uwa ce ga gero da dawa da maiwa. A mafi yawan ƙasar Nijar kuwa, hatsi shi ne gero:

(7) Bana hatsi bai yi ba, amma dawa ta yi.

Manomin Damagaram yana faɗar (7) ba ya jin komai. A kunnen Bakano jimlar tana tuntuɓe, kamar an ce dabbobi sun mutu amma awaki suna nan. Abin da ya faru sananne ne a ilimin ma'ana: ɗan da ya fi kowa cika ido ya gaje sunan uwar. Eleanor Rosch ta nuna a shekarun 1970 cewa ɗiyan rukuni ba su da daraja ɗaya a kan masu harshe, akwai na tsakiya akwai na gefe. Inda ruwa ya yi ƙaranci ƙasa kuma yashi ce, gero ne na tsakiya, har ya cinye sunan. Haka «corn» na Ingilishi ya zama alkama a Ingila, masara a Amurka. Illar a aikace ita ce: in sanarwa ta ce «céréales», mai fassara ya ce za a sayar da hatsi da rahusa ranar kasuwa, mutanen da suka taho daga ƙauyuka da jakuna suna sa ran gero ne. In suka tarar da masara ko shinkafa, a ganinsu an yi musu ƙarya, alhali mai sanarwar yana ganin gaskiya ya faɗa. Muna jin wannan ne ya sa cimaka ta samu shiga a Hausar Nijar, har ake cewa bankin cimaka. Cimaka ta fi «céréales» faɗi, amma ba ta yi alkawarin gero ba.

A ɓangaren kiwo, tattarawar ta bi wata hanya. Dukiya a bakin makiyayi bisashe ne. Fulatanci yana da «jawdi», Barbarci yana da «ləman», duka biyu suna nufin arziki suna nufin dabbobin gida, kamar yadda «cheptel» na Faransanci ya fito daga tushe ɗaya da «capital». Mai tambayar ƙidaya da ya ce wa mutum «kana da dukiya?» yana iya samun «a'a» daga mai shago, ya samu «i» daga mai akuya biyar.

Tattarawar da hukuma ta yanke, mai iyaka a rubuce, ita ma ba baƙuwa ba ce. Duk wanda ya karanta babin zakka a Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamai daga Kutus har Sakkwato, ya gamu da ita. Larabci yana da «ganam», kalma guda ga tumaki da awaki, kuma a mazhabar Malikiyya ana haɗa su a ƙirga: mai tunkiya 25 da akuya 15 ya kai nisabi na 40. A hatsi kuwa akasin haka ne. Ana haɗa alkama da sha'ir, ana haɗa dangin wake, amma gero da dawa da shinkafa kowane rukunin kansa ne, ba a tara wani a kan wani don a cika nisabi. Abin da Hausa ta raba fiƙihu ya haɗa, abin da Hausar Kano ta haɗa fiƙihu ya raba. Malaman zaure sun warware matsalar fassara tun da daɗewa ta hanya mafi sauƙi: sukan faɗi kalmar Larabci, sannan su jera abin da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya.

4. In abin da aka tattara mutane ne

Mu koma misali na (2). Bahaushe yana kiran duk mai jin Barbarci Babarbare. Takardun gwamnati suna cewa «Kanouri». Amma mutumin Kelle, in ɗan uwansa na Gure ya tambaye shi, Dagera ne, na Gure kuma Manga ne. A bakin kogin Komadugu akwai Mobar, a wajen Gigimi akwai Tumari, ga kuma mutanen Bilma da Fashi. Tsarin lambobin harsuna na duniya, ISO 639-3, ya ɗauki Kanuri a matsayin babban harshe mai rassa, ya ba Manga lamba tata dabam da ta Yerwa, wato Maiduguri. Dagera kuma ana lissafa shi a matsayin kari ƙarƙashin Manga. Ɗan Kelle yana ƙarƙashin rufi biyu ke nan, wani bisa wani, kuma babu wanda ke ɗauke da sunan da yake kiran kansa da shi.

Ba muna cewa sunan Kanuri ƙarya ba ne. Dangantakar kare-karen nan tabbatacciya ce, tarihin Barno ya haɗa su, kuma babban suna yana da ranarsa: da shi aka samu gurbi a dokar harsunan ƙasa, da shi aka samu ƙa'idar rubutu a 1999. Amma ranar da za a rubuta littafin aji ɗaya, ba a iya rubuta shi da babban suna. Tilas a zaɓi kari guda, kuma in aka zaɓi na Manga, malamin da aka tura Kutus ya kamata ya san cewa harshen littafin da harshen gidan yaran suna kusa amma ba ɗaya ba ne. Marubucin da ya sa «umbrella term» a gaban Kanuri wannan yake son ya tuna mana. In muka fassara da «kalma gama-gari» mun share tunin. Hausawa suna cewa inuwar giginya na nesa ka sha ta, kuma haka manyan sunayen nan suke: mai ƙidaya a Yamai ya fi mai zama a gindinsu cin moriyarsu.

Haka Tubu ya rufe Teda da Daza. Haka Hausa ita kanta ta rufe Gobirawa da Adarawa da Arawa da Katsinawa da Damagarawa. Buzaye ya fi su nauyi, domin asalin kalmar wani rukuni ne na ƙasa a cikin al'ummar, Hausa ta shimfiɗa shi a kan kowa, kuma ba kowa ne yake son a kira shi da shi ba.

5. Wace kalma za mu ɗauka

«Gama-gari» ba ta samuwa, domin nahawun Hausa ya riga ya ba ta aiki: suna gama-gari shi ne kishiyar sunan yanka. «Tattarau» ma an ɗauke ta ga sunaye irin garke da jama'a. Saura mu duba hoton.

Fassara kai tsaye za ta ba mu «kalmar laima». Jaridu da gidajen rediyon Nijeriya sun riga sun buɗe wannan ƙofa, suna cewa «a ƙarƙashin lemar ƙungiya kaza», sun fi ma yawan cewa «a ƙarƙashin inuwar jam'iyya kaza». Muna da ja a kan laima. Kalmar daga Larabci ta zo, inda take nufin tanti, amma a ƙasar Hausa da Barno laima kayan sarauta ce. Wanda ya ga hawan sallah a Damagaram ya san mutum nawa ne ke ƙarƙashinta: ɗaya. Hoton da take kawowa na ɗaukaka mutum guda ne bisa taro, alhali muna neman hoton taro a ƙarƙashin abu guda. Ban da haka, tun 1998 laima alamar jam'iyyar PDP ce a Nijeriya, kuma mai karatu na Kano ba zai rasa tuna wannan ba.

Inuwa ta fi kusa, har ta koma ga tushen kalmar ta Latin ba da niyya ba. Mutane da yawa suna zama a inuwa guda, kuma in an ce wane da wane ba su shan inuwa ɗaya, an gane ba su jituwa. Matsalarta ita ce babu wanda ya yi ta. Itace ya tsiro, rana ta karkata, inuwa ta samu. Mu kuwa mun nuna cewa abin da ya keɓe «umbrella term» shi ne akwai wanda ya kafa shi ya kuma shata masa iyaka.

Saboda haka muke ba da shawarar rumfa. Rumfar kasuwa mutum ne yake kafa ta, don wata bukata, a wata rana. Mai goro da mai gyaran rediyo suna iya zama a ƙarƙashinta ba tare da sun zama dangi ba. Ana ƙara mata dirka a faɗaɗa ta, ana tayar da wani a zaunar da wani, kuma kowa ya san wanda ake tambaya kafin a shimfiɗa tabarma. Sai mu ce «sunan rumfa», mu bar uwar kalma ga «hyperonyme». Misali na (1) zai zama:

(8) «Cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci» sunan rumfa ne da aka kafa wa cututtuka wajen ashirin, irin su kuturta, amodari, tsargiya da saran maciji.

Mun ƙara «da aka kafa wa» da kuma ƴan misalai waɗanda babu su a jimlar Ingilishi, kuma da gangan muka yi. A takarda tsakanin masana, sunan rumfa kaɗai ya isa. A sanarwar da za a karanta a rediyon ƙauye ko a yi shela da ita ranar kasuwa, muna ganin a bi hanyar malaman zaure, a faɗi sunan a jera abin da ke ciki, in wuri ya ƙure ma a bar sunan a riƙe jerin.

Abin da ya rage shi ne kwanan wata, kuma misalinsa yana cikin sunan fannin da muke koyarwa. Dokar watan Disamba na 2001 ta kafa rumfar «langues nationales» ta zaunar da harsuna 10 a ciki: Larabci, Buduma, Fulatanci, Gurmanci, Hausa, Barbarci, Zabarmanci da Sanwai a matsayin ɗaya, Tamajak, Tasawak da Tubanci. Kundin 2025 ya riƙe furucin, ya mai da shi tilo, ya bar Hausa kaɗai a ciki, sauran kuma aka kira su harsunan da ake magana da su a Nijar. Ɗalibin da yake fassara rahoton 2010 a kan koyarwa da «langues nationales» a makarantun Gure, in ya rubuta «harshen ƙasa» kawai, mai karatu na yau zai fahimci Hausa, alhali a wasu ajujuwan da rahoton yake magana a kai Barbarci ake nufi. Sai ya rubuta «harsunan ƙasa bisa dokar 2001», ya kuma ambaci harshen da sunansa.